Tagwayen digiri tsakanin Faris da Landan: yadda na bi hanyar tun daga neman gurbi har karɓar takardu

Tun da na kammala karatu nake samun saƙonni daga masu sha'awar irin shirin da na yi, wato digiri na biyu a fannin harkokin ƙasa da ƙasa da tsara manufofin gwamnati, shekara ɗaya a Faris shekara ɗaya a Landan, a ƙarshe kowace makaranta ta ba ka takardarta. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, amsar kuma ba ta shiga gajeren saƙo, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta komai bi da bi. Takardun talla suna nuna abin a matsayin shiri guda, amma wanda ya shiga zai tarar da makarantu biyu, gwamnatoci biyu, kalandar karatu biyu da kuɗi iri biyu. Kowace makaranta ta san shekararta sarai. Watannin da ke tsakanin shekarun biyu kuwa, ɗalibi ne kaɗai ke ɗauke da su, kuma a nan ne kusan duk wahalar take.

Kafin in cike fom ko ɗaya sai da na rarrabe shirye-shirye iri uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai na musaya, inda za ka je wata jami'a zango ɗaya ka dawo, takardarka ta makarantarka ta asali ce kawai. Akwai na haɗin gwiwa da ake ba da takarda ɗaya da sa hannun jami'o'i da yawa, irin wasu shirye-shiryen Erasmus Mundus na Tarayyar Turai. Sai kuma wanda na yi, mai takardu biyu daban-daban. Manyan makarantun wannan fanni suna da ƙungiya da ake kira GPPN, wadda makarantar SIPA ta jami'ar Columbia a New York, da LSE ta Landan, da Sciences Po ta Faris suka kafa a 2005, daga baya makarantar Lee Kuan Yew ta Singafo, da Hertie ta Balin, da ta jami'ar Tokiyo, da FGV ta Brazil suka shigo. Ƙofar shiga biyu ce. Ko dai ka nemi tagwayen digirin tun farko, kwamitin makarantun biyu ya duba takardunka tare, ko ka shiga makaranta ɗaya, a cikin shekarar farko ka nemi a tura ka ɗayar. Ta biyun tana da haɗari, domin guraben kaɗan ne kuma da 'yan ajinku za ku yi takara. Ni ta farkon na bi, a ƙarshen shekarar 2022. Ba zan kama sunan makarantun da na yi ba, zan riƙa cewa makarantar Faris da makarantar Landan.

Fom ɗaya ne, a shafin makarantar Faris, amma sharuɗɗan na gida biyu ne, kuma duk inda suka bambanta mafi tsauri ake ɗauka. Jarrabawar Ingilishi ta IELTS sai ka kai maki 7, kuma sakamakonta shekara biyu yake aiki, saboda haka na rubuta musu imel ina tambayar ko za a sake nema kafin shekara ta biyu, na adana amsar da suka ba ni. Wasiƙar bayanin manufa ita ta fi cin lokaci. Na farkon da na rubuta yabon makarantun ne zalla, har sai da wata tsohuwar ɗalibar shirin ta karanta ta ce mini, "Ƙanena, sun san su wane ne su. Faɗa musu abin da za ka koya a Faris wanda babu shi a Landan, da abin da za ka je Landan ka ɗora a kai." Da wannan na sake gina wasiƙar a kan tambaya ɗaya da ta dame ni a wurin aiki, yadda ake raba kuɗin agaji tsakanin hukumomin duniya da gwamnatocin da ake taimaka wa, na ambaci kwasa-kwasan kowace shekara da suka shafi tambayar.

Wasiƙun shaida biyu ake nema, kuma malamin ne da kansa zai ɗora a shafin ta hanyar adireshin da za a aika masa. Ɗaya daga cikin malamaina dattijo ne da bai cika duba imel ba. Na kira shi na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, wa'adin nan ya kusa, kuma sun ce ba za su karɓa daga hannuna ba." Ya ce, "To yaro, ai sai ka ce su sake aiko mini, wancan ban gan shi ba." Saƙon yana can cikin akwatin tarkace. Takardar sakamakon digirin farko kuwa ta fi komai ba ni ciwon kai, domin ofishin da ke fitar da ita a tsohuwar jami'ata ya yi ta jan ƙafa, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce fayil ɗin bai sauko ba. Wanda ke da niyyar nema a watan Disamba ko Janairu, ya fara bin wannan takarda tun tsakiyar shekara.

Daga nan sai jira. Kullum da safe in buɗe shafin in ga ba abin da ya canza, har na fara sabawa da tunanin ba a ɗauke ni ba. Da amsa ta zo cikin bazarar 2023, murnar ba ta daɗe ba lissafi ya biyo baya. Kuɗin makaranta a kowace shekara ga makarantar da kake ciki kake biyansa, a farashinta, da kuɗin ƙasarta. Shekarar Faris ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ta kusa Yuro dubu ashirin, ta Landan ta haura haka nesa ba kusa ba, kuma da fam ake biya. Tallafin karatu shi ma haka yake a rabe. Na samu ragi mai kauri daga makarantar Faris, amma da na karanta wasiƙar a tsanake sai na ga shekarar farko kawai ta ambata. Tallafin shekara ta biyu nema ne daban, da fom daban da wa'adi daban, kuma sai kana tsakiyar karatu a Faris lokacinsa yake zuwa. Manyan tallafin da kowa ya sani ma kowanne da iyakarsa. Na Eiffel na gwamnatin Faransa makaranta ce ke gabatar da sunanka, kuma a lokacin da na nema, a matakin digiri na biyu ba a ɗaukar wanda ya wuce shekara 25. Chevening na Birtaniya an gina shi ne a kan digirin shekara ɗaya a can, yana neman gogewar aiki ta awa 2,800 da alƙawarin komawa gida na shekara biyu. Duk wanda zai dogara da irin waɗannan, ya samu amsa a rubuce a kan wace shekara za su ɗauka kafin ya amsa tayin makaranta.

Bizar Faransa ta fi sauƙi a kan yadda na zata, ko da yake matakai ne a jere. Ƙasata tana cikin waɗanda dole ɗalibi ya fara bi ta Campus France, a buɗe fayil a intanet, a ɗora takardun karatu da wasiƙar karɓa, a biya kuɗinsu, a yi gajeriyar hira. Sai bayan nan ake samun damar neman ranar kai fasfo da ba da zanen yatsu. Abin da suke so su gani a lokacin shi ne kana da aƙalla Yuro 615 a kowane wata da kuma wurin sauka na farko. Wannan adadi na takarda ne kawai, a Faris ko hayar ɗaki da ƙyar zai biya. Bizar da aka manna mini ta dogon zama ce mai aikin takardar izinin zama, ta shekara ɗaya cif, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Agusta. A riƙe wannan rana da kyau, za ta dawo.

Makonnin farko a Faris zagaye ne. Mai gida yana so a kawo wanda zai tsaya maka a cikin Faransa da takardar inshorar ɗaki, banki yana so ya ga shaidar adireshi kafin ya buɗe asusu, ofisoshin gwamnati kuma suna so su ga lambar asusu. Abin da ya warware mini ƙullin shi ne Visale, lamuni ne kyauta da ke tsaya wa ɗalibai 'yan shekara 18 zuwa 30 a wurin masu gida, ana nemansa ta intanet tun kafin a sa hannu a yarjejeniyar haya. Da shi na samu ƙaramin ɗaki mai kaya a ciki, a kan yarjejeniyar ɗalibai ta wata tara. A lokacin na ga ta dace da ni, tunda karatu a watan Mayu yake ƙarewa. Sauran ƙananan abubuwa na yi su cikin sauri: harajin rayuwar ɗalibai da ake kira CVEC, Yuro 100 a shekarar, wanda sai da shaidarsa ake kammala rajista, tabbatar da biza a intanet cikin wata uku da shigowa, da kan sarki na Yuro 50, wanda in ba a yi ba mutum ya zama ba shi da izinin zama, rajistar inshorar lafiya ta gwamnati, wadda kyauta ce ga ɗalibi, da neman tallafin haya daga CAF, hukumar tallafin iyali ta Faransa, wanda ya ɗauki watanni kafin ya fara shigowa amma ya rage nauyi sosai. Wani ofishi ya nemi takardar haihuwa da fassarar mai fassara da kotu ta rantsar, don haka a taho da asalin takardar, kada a bar ta a gida.

Karatun Faris gudu ne. Kwasa-kwasai da yawa a kowane zango, kowanne awa biyu a mako, ga darasin harshe, ga ilimin tattalin arziki da ƙididdiga waɗanda ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Maki a kan 20 ake bayarwa, 10 ne cin jarrabawa, wanda ya samu 15 kuwa sai a taya shi murna. Shekara tana da kiredit 60 na ECTS, tsarin Turai na auna nauyin kwasa-kwasai, kuma sai ka haɗa su duka kafin Landan ta buɗe maka ƙofa. Fashi ya wuce sau biyu a kwas, ka faɗi kwas ɗin ko da kai ne gwanin aji. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne jawabin minti goma da kowa ke yi a gaban aji. Suna so ka fito da tambaya ɗaya mai sarƙaƙiya, ka raba amsar kashi biyu, kowane kashi ka sake raba shi biyu, ka tsaya daidai kan lokaci. Da farko na ɗauke shi tsari don tsari kawai. Sai da na fara rubuta gajerun takardun shawara irin waɗanda ake miƙa wa minista na gane amfaninsa, domin mai karanta irin wannan takarda shafi biyu kawai zai ba ka. Malamai da yawa ba 'yan jami'a ba ne, tsofaffin jakadu ne da ma'aikatan hukumomi irin su OECD da UNESCO waɗanda hedikwatarsu ke cikin birnin. Wasu darasinsu zinariya ne, wasu kuma labarin inda suka yi aiki kawai za ka sha.

Akwai abin da ɗan tagwayen digiri ke rasawa wanda ba a cika faɗa ba. 'Yan ajinmu da za su yi shekara biyun a Faris suna da zango guda cur na koyon aiki a wata hukuma, da yawansu kuma daga nan suke samun aiki. Mu ba mu da shi, sai dai mu matse shi cikin hutun bazara. A Faransa ba a koyon aiki sai da yarjejeniya mai sa hannu uku, ɗalibi da makaranta da ma'aikata, kuma in ya wuce wata biyu dole a biya ka ɗan alawus, Yuro 4.35 a awa a 2024. Makaranta tana sa hannu ne muddin kana cikin rajistarta, don haka lokacin ƙanƙane ne.

Ina cikin zango na biyu gwamnatin Birtaniya ta ƙara kuɗin lafiya da ake karɓa tare da biza. Daga 6 ga Fabrairun 2024 ya tashi daga fam 470 zuwa fam 776 a shekara ga ɗalibi, kuɗin bizar kanta kuma tun Oktoban 2023 ya koma fam 490 daga 363. Ba kuma na shekara ɗaya za ka biya ba. Bizar kwas na wata goma sha biyu tana ɗauke da ƙarin wata ɗaya kafin a fara da wata huɗu bayan an gama, saboda haka na shekara ɗaya da rabi aka caje ni, fam 1,164. A watan Janairun shekarar kuma aka hana masu irin digirinmu tahowa da iyali, abin da ya rikita lissafin wani abokina mai mata da ɗa. Duk kasafin da na yi kafin in bar gida da tsofaffin alƙaluma na yi shi. Dokar shige da fice ba ta jiran ɗalibi ya gama shekarar farko.

Yanzu ga tsakiyar da nake magana. Ba a neman bizar karatu ta Birtaniya sai da lambar CAS, wadda makarantar Landan ke fitarwa bayan ta tabbatar ka cika sharuɗɗa. Sharaɗin shi ne cin shekarar farko. Sakamakon shekarar farko kuwa sai kwamitin jarrabawa na Faris ya zauna ya amince da shi, sannan a aika Landan. Mun gama jarrabawa a Mayu, amma sarƙar nan ba ta kai ƙarshe ba sai cikin Yuli. Babu wanda ya yi sakaci, kowa a kan kalandarsa yake tafiya, sai dai kalandar ba ta san izinin zamana zai ƙare a ƙarshen Agusta ba. Dokar Birtaniya ta yarda ka nemi bizar daga ƙasar da kake zaune bisa izini, don haka muddin takardar Faransa tana aiki zan iya nema a Faris. In ta ƙare, sai dai in sayi tikiti in koma gida in nema daga can. Sabunta takardar Faransa kuma ana nemansa ne tsakanin wata huɗu zuwa wata biyu kafin ƙarewarta, da shaidar rajistar shekara mai zuwa, ni kuwa shekarata mai zuwa a wata ƙasa take. A watannin nan na ji kaina kamar ɗan riƙo tsakanin gida biyu, kowane gida yana zaton ɗayan ya ba shi abincin dare.

A kan wannan ga batun ɗaki. Yarjejeniyar wata tara ta ƙare a farkon bazara kuma irinta ba a sabuntawa, ga shi a shekarar ne Faris ta karɓi wasannin Olamfik, daga 26 ga Yuli zuwa 11 ga Agusta. Hayar ɗan gajeren lokaci ta yi tashin gwauron zabi. Na ƙare a kan kujerar falon wani ɗan ajinmu, akwatunana a bayan ƙofa. Mai gidan da na bari kuma ya riƙe kuɗin ajiyar da na ba shi lokacin kama ɗakin fiye da lokacin da ya kamata, sai da na aika masa wasiƙa mai rajista kafin ya saki, alhali kuɗin na cikin lissafin da nake haɗawa.

Shaidar kuɗi ita ce ta fi kayar da mutane, don haka zan tsaya a kanta. Dole ka nuna kana da ragowar kuɗin makaranta da aka rubuta a CAS, haɗe da kuɗin zama, wanda a lokacin fam 1,334 ne a wata har wata tara ga mai karatu a Landan, jimla fam 12,006. An ƙara adadin daga baya, a duba na yanzu. Kuɗin sai ya kwana 28 a jere a asusunka ko na iyayenka ba tare da ya yi ƙasa da adadin ba ko na yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe ta takardar banki kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka nema. In kuɗin ba fam ba ne, da farashin canji na ranar da ka nema za a lissafa, saboda haka wanda ya ajiye daidai wa daida yana iya wayar gari ya ga ya gaza ba tare da ya taɓa ko sisi ba. Ni na fara ƙirga kwanakin tun kafin CAS ta fito, na ɗora ƙari a kai, na daina amfani da asusun gaba ɗaya. Wata 'yar ajinmu ta jira sai da lambar ta zo sannan ta tara kuɗin, kwana 28 ɗin suka kai ta har bayan ƙarewar izininta, dole ta koma gida ta nema, ta iso Landan an riga an fara lacca. Wani sauƙi da na samu shi ne gwajin tarin fuka. Ana nemansa ga wanda ya zauna a ƙasashen da ke cikin jerinsu, amma da yake na haura wata shida ina zaune a Faransa, bai hau kaina ba. Wadda ta koma gida ma sai da ta tsaya tantance wannan kafin ta cike fom.

Na cike fom, na biya, na kai fasfo cibiyar karɓar takardu aka ɗauki hoto da zanen yatsu. Mako uku suka ce ana ɗauka, kuma a lokacin, cikin makonnin nan fasfonka ba ya hannunka, ba tafiya ko'ina. Saƙo ya zo saura kaɗan izinina ya ƙare. Ban yi ihu ba, zama na yi a bakin gado jikina duk ya mutu. 'Yan'uwanmu da suka nufi wasu wurare kowa da irin tasa: masu zuwa New York suna jiran takardar I-20 da makaranta ke bayarwa don neman biza, da biyan dala 350 na SEVIS, rajistar ɗaliban ƙasashen waje ta Amurka, kafin hira a ofishin jakadancin Amurka, masu zuwa Balin suna zuba sama da Yuro dubu goma sha ɗaya a asusun da ake kullewa.

Jirgin ƙasa daga Faris zuwa Landan awa biyu da 'yan mintuna ne, amma komai sai an sake shi daga tushe: asusun banki, layin waya, rajistar likita, neman ɗaki. Katin izinin zama da na karɓa an rubuta zai ƙare 31 ga Disambar 2024, abin da ya firgita wasunmu, alhali sauyi ne ake yi zuwa bizar intanet, sai kowa ya buɗe asusu a shafin hukumar ya ga ainihin ranarsa. Aiki awa 20 a mako aka yarda lokacin karatu, a Faransa kuwa awa 964 ne a shekara. Karatun shi ma wata duniya ce. Kwasa-kwasai kaɗan, awannin aji kaɗan, jerin littattafai kuwa ba iyaka. Za ka rubuta maƙala a gyara maka ba tare da ta shiga maki ba, sannan kusan komai ya rataya a kan jarrabawar Mayu da Yuni. Maki 50 ne ci, 60 yabo, 70 fice. Tsarin kashi biyu da na sha wuya na koya, malamar farko da ta ga maƙalata ta rubuta a gefe cewa ba ta ga matsayina ba, in faɗi abin da na yarda da shi tun sakin layi na farko in kare shi. Wata guda na yi ina jin haushi, daga baya na ga riba: yau ina iya rubutu da salon biyu, in zaɓi wanda ya dace da mai karatu. A ganina wannan ce babbar ribar shirin, ta fi takardun biyu. Sai dai ka shigo cikin mutanen da shekara ɗaya kawai za su yi, kowa na sauri, abokan da ka yi a Faris kuma rabinsu suna can.

Kundin bincike na kalma 10,000 a watan Agusta ake miƙa shi. Bikin yaye ɗalibai na Faris kuwa a farkon bazara aka yi, ina tsaka da rubutu, kuma da yake Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu bizar ziyara ɗaya, har da Faransa, ni da na zauna shekara guda a birnin sai da na nemi bizar ziyara ta Yuro 90 kafin in halarta. Ranakun ganawa a Landan lokacin bazara wuyar samu gare su, a nema da wuri. Bikin ma biki ne kawai, takardar ba ta fito ba, domin Faris tana jiran sakamakon Landan, wanda sai Nuwamba ake tabbatarwa. Tsakanin nan duk inda na nemi aiki wasiƙar wucin gadi na riƙa nunawa, don haka a nemi kowace makaranta ta ba da irinta kafin a watse.

Da wani zai tambaye ni ta ina zai fara, zan ce ya fara da shekara ta biyu. Ya rubuta kuɗinta, da dokar bizar ƙasarta, da wa'adin tallafinta, ya ƙara wani abu a kai saboda sauyin doka da canji, in lissafin bai tashi ba kada ya hau jirgin shekarar farko da fatan Allah zai kawo a hanya, domin mai shekara ɗaya a irin wannan shiri yana iya tashi ba takarda ko ɗaya. Ya zana kalanda guda da ta haɗa ranar zaman kwamitin jarrabawa, ranar fitar CAS ko makamanciyarta, ranar ƙarewar izinin zama da ranar ƙarewar haya, ya ga inda suka ci karo tun a watan Satumba. Ya ɗauki hayar shekara cikakkiya ko da ta ɗan fi tsada, tunda ɗaki mai kaya a Faransa sanarwar wata ɗaya kawai ake bayarwa a fita. Ya san sunan jami'in shirin a kowace makaranta, in zai yi tambayar da ta shafi su biyun ya haɗa su a imel ɗaya. Ya kuma nemi waɗanda suka gabace shi da shekara ɗaya tak, don su ne bayaninsu bai tsufa ba.

Shirin bai dace da kowa ba. Wanda ya riga ya san a birni ɗaya yake so ya yi aiki, shekara biyu a makaranta ɗaya da zangon koyon aiki za su fi yi masa amfani, kuma da sauƙin kuɗi. Wanda ke hangen hukumomin duniya ko aikin jakadanci, inda ake so mutum ya iya aiki da harshe biyu da tsarin tunani biyu, shi ne zai ci moriyarsa. Bayan kammalawa ƙofofi biyu ne a buɗe. Birtaniya tana ba da izinin zama na shekara biyu bayan karatu, wanda ake nema daga cikin ƙasar bayan makaranta ta sanar da hukuma ka gama kuma kafin bizar karatu ta ƙare, an kuma sanar za a rage shi zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Faransa tana da izinin shekara ɗaya na neman aiki ko kafa sana'a ga mai digiri na biyu daga makarantunta, kuma wanda ya bar ƙasar yana iya nemansa cikin shekara huɗu da samun takardar. Na Birtaniyan wa'adinsa gajere ne, shi na fara nema, na Faransan kuma yana nan a ajiye.